Ni da Faya-fayan Babanmu

Ku da kuka san babanmu a unguwar Dokki ta Alƙahira, kun san ba a sallama da ƙarfi a gidansa. Kana turo ƙofa zai ɗora yatsa a baki, ya nuna maka garmaho, kai kuwa sai tsayuwa har Turawan da suka mutu tuntuni su gama jan gogensu. Shekara da shekaru yana shugabancin jam'iyya a Nijar, amma da ciwon ƙoda ya kawo shi Alƙahira, faya-fayansa ya fara ɗaurewa kafin magani.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina jin haushinsu ba. Ranar da muka sauka, akwatunansu ya jera a kujerar tasi, har da ɗaura musu bel.

Na ce, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Hadiza, ki biyo mu a ƙaramar bas. Ke ai girgiza ba ta fasa ki."

Ɗaki ɗaya ne mai na'urar sanyi a gidan, su aka ba. Ni da na baro mijina na zo jinya, falo na kwana da fanka. Na yi ƙorafi, ya ce zafi lanƙwasa su yake yi.

"Ni ma lanƙwasa ni yake yi."

"Ke da safe kina miƙewa."

Wata rana manyan jam'iyya suka zo takanas daga Yamai roƙonsa ya koma ya tsaya takara. Ya zaunar da su, ya ɗora wani faifai mai tsawon tsiya. Kafin a juya shi, sakatare ya fara minshari. Baba ya raka su ƙofa ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Makaɗa sittin sun haɗa kai a faifai ɗaya ba ku iya saurara ba, ina ga talakawa masu hayaniya?" Ni abin da ya ƙona min rai, ban taɓa samun rabin wannan lokacin a kunnensa ba.

Har tambayarsa na yi, in gobara ta tashi wa zai fara fitarwa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ke kina da ƙafa."

A makonsa na ƙarshe, da ya daina tashi, na ɗora masa faifan da ya fi so ina cije baki. Sai ya yafito ni.

"Kashe shi. Zauna ki yi min faɗan nan naki. Shi kaɗai ne ba ni da faifansa."

Na kashe shi, na zauna a gefensa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Amin.