Geesje Westerink da Likkafani na Shida

Haihuwa da asali

An haifi Geesje Westerink ranar sha tara ga watan Maris na shekarar 1931 a Veenhaven, ƙaramin garin masunta a bakin tekun Zuiderzee ta ƙasar Holan. Mahaifinta Beert Westerink maɗinkin filafilan jiragen ruwa ne, wato manyan yadunan da iska ke tura jirgi da su, kamar ubansa da kakansa, mahaifiyarta Aaltje Koops kuwa kyafaffen kifi take sayarwa a bakin mashigi. Tana da shekara ɗaya hukuma ta kammala madatsar da ta raba tekun da babban ruwa, gishiri ya tafi, kifi ya bi shi, sana'ar gidansu ta shiga ja da baya. Aiki ɗaya ne bai ragu ba. Bisa al'adar garin, duk wanda ruwa ya ci, ɗan gari ne ko baƙo, ba a sa shi a akwati sai maɗinki ya ɗinke shi cikin yadin filafili.

Karatu da yaƙi

Ta shiga makarantar coci a 1937, ba ta yi fice a komai ba sai taurin kai, wanda malamai suka yi iya ƙoƙarinsu a kai suka haƙura. A watan Yuni na 1942, ƙasa tana hannun Jamusawa, aka harbo wani jirgin yaƙin Ingila mai jefa bama-bamai, ya faɗa ruwa gab da garin. Sojoji suka ce irinsa mutum shida yake ɗauka, don haka Beert ya yanka yadi shida. Cikin makonnin da suka biyo baya masunta suka kawo gawa biyar, ya ɗinke su, Geesje tana shafa wa zare kakin zuma, aka binne su a jere a makabartar coci. Na shidan bai fito ba. Sai bayan yaƙi aka san sunansa, Saja Lachlan Petrie, ɗan ƙasar New Zealand, mai shekara ashirin, maharbin da ke zaune a wutsiyar jirgin.

Beert ya ninke yadin da ya saura ya sa a akwatin katako. Lokutan wahala sun zo, har Aaltje ta nemi a yanka shi a yi riguna, ya ce ai da mai shi.

Aure da iyali

A 1953 ta auri Wicher Hulst, maƙerin ƙarfe a wurin gyaran jiragen ruwa, mutum mai fara'a da yawan zolaya, wanda duk garin ya yarda cewa shi kaɗai ne zai iya zama da ita. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Mahaifinta ya rasu a 1956, kuma da yake ba shi da ɗa namiji, ita ya miƙa wa allurai da akwatin. Waɗanda ke wurin sun ce kalmarsa ta ƙarshe gare ta ita ce, "Kada ki yanka, kada ki bayar. Yaron nan zai fito."

Fitowar jirgin

A 1957 aka zuƙe ruwan wannan sashe don a yi gonaki, sai ga jirgin kwance a cikin laka. Ƙirarsa ta ba mutane mamaki: jikinsa saƙar ƙarfe ce kamar ta kwando, da yadi aka lulluɓe shi, yadin kuwa ya daɗe da ruɓewa. Geesje ta shiga lakar har gwiwa da akwatin a hannu. Fukafukai suna nan, injuna biyu suna nan, amma wutsiyar babu, ta ɓalle tun a sama ta faɗi wani wuri. Ta koma gida da akwatinta, ta yi kwanaki ba ta kula kowa.

Mutanen gari suka roƙi a bar musu abin da ya saura, aka ajiye shi a tsohuwar rumfar gwanjon kifi, inda ya yi shekaru yana tsatsa, kaji suna ƙwai a mazaunin direba.

Aikin gyara

A 1974 aka kafa ƙungiyar gyaran jirgin ƙarƙashin jagorancin Evert Brandsma, likitan haƙori, mutumin kirki mai son a gama abu a kan lokaci. Wicher ya karɓi aikin ƙarfe, yana kankare tsatsa sanda bayan sanda, wadda ta mutu ya ƙera sabuwa. Geesje ta karɓi aikin yadi, domin ɗinkin da ke riƙe fatar jirgi a kan ƙarfe ɗan'uwan ɗinkin filafili ne. Kowace Asabar suna rumfar, da kofi da biskit ɗaya ɗaya, ba ƙari.

"Ke dai kin auri jirgin nan," in ji Wicher, "ni ɗan rakiya ne."

"Ai shi ba ya surutu," ta ce. "Miƙo almakashi."

Da aka nufi cikar shekara hamsin da faɗuwar jirgin, kwamiti ya tsai da shawarar mayar da rumfar gidan tarihi, a buɗe shi ranar huɗu ga watan Mayu na 1992, ranar tunawa da mamatan yaƙi. Wicher ya ƙera sabuwar wutsiya, ba abin da ya rage sai rufe ta da yadi. A nan Geesje ta kafe. Brandsma ya same ta a gida, ya zo da buƙata biyu: ta rufe wutsiyar, kuma ta ba da yadin mahaifinta a sa cikin gilashi mutane su gani.

"Goggo Geesje, shekara hamsin fa. Manyan baƙi za su zo. Ko so kike su tarar da jirgi ba wando?"

"Su tarar. In na rufe ta, kowa zai ga jirgi ya cika, a tafa a watse, a daina nema."

"To yadin fa?"

"Likita, likkafanin mutum ne. Kai za ka so a rataye naka a bango?"

An nemo wani maɗinki daga wani gari, da ya ji dalilinta ya koma inda ya fito. Haka aka buɗe gidan tarihin, jirgi a rufe tsaf da baƙin fenti, wutsiya tsirara, saƙar ƙarfenta a fili. Wasu sun ji haushinta ƙwarai, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, don sun ba aikin shekaru goma sha takwas na rayuwarsu. Kowane baƙo ya shigo sai ya tambayi abin da ya sa ba a gama ba, dole kuma a ba shi labarin Lachlan Petrie.

Shekarun tsufa

Wicher ya rasu a 1998. Rashinsa ya karya ta, ta daina zuwa rumfar. Daga baya ganinta ya soma dushewa, likitoci suka ce ba magani, abin da ya fi damunta kuwa shi ne kada yaron ya fito bayan ta daina ganin allura.

A watan Oktoba na 2006 wani manomi mai suna Harmen Stoffer yana zurfafa magudanar gonarsa, injinsa ya tono wani lanƙwasasshen ƙarfe. Manoman wannan sabuwar ƙasa da aka zuƙe ruwanta sun saba tono irin wannan, tulin bola suke kai shi. Shi kuwa ya taɓa kai iyalinsa gidan tarihin, ya tsaya gaban wutsiyar nan tsirara, don haka yana ganin saƙar ya gane ta, ya kashe injin. Sojoji masu tono suka zo, suka sami mazaunin maharbi, da mai shi a ciki.

Ƙanwar Lachlan, Elspeth, mai shekara tamanin, ta zo daga New Zealand. Ƙa'idar soja akwati ce da tuta, amma da aka gaya mata al'adar garin ta ce a yi wa yayanta yadda aka yi wa abokansa. Aka kawo Geesje coci, 'yarta Aaltje tana riƙe da hannunta. Beert ya yanka yadin ne daidai tsawon cikakken namiji, abin da ƙasa ta bari kuwa bai wuce a rungume shi ba. Aaltje ta ɗauko almakashi don a rage.

"Ajiye," in ji Geesje. "Baba ya ce kada a yanka. Nasa ne duka."

Ta naɗe shi ninki bayan ninki har yadin ya ƙare, ta ɗinke da laluben yatsu, ba ta yarda kowa ya taɓa allurar ba sai ɗinkin ƙarshe, wanda ta miƙa wa Elspeth. An binne shi a gefen abokansa biyar. A damunar da ta biyo baya ta koma rumfar ta zauna a kujera, tana faɗa Aaltje tana ɗinkawa, har aka rufe wutsiyar.

Rasuwa

Geesje Westerink ta rasu a gidanta ranar biyu ga watan Fabrairu na 2009, tana da shekara saba'in da bakwai, bayan gajeriyar jinya. An binne ta kusa da mijinta a makabartar cocin Veenhaven, a layin da ke bayan kaburbura shidan. Ta bar 'ya'ya uku: Beert, injiniyan madatsun ruwa, Dries, malamin makaranta, da Aaltje, wadda allurai suka koma hannunta, da jikoki bakwai. Akwatin katakon yana gidan tarihin a ƙarƙashin wutsiyar jirgin, a buɗe, babu komai a ciki.