Ranar da Abdulkabir Ya Kulle Zauren Dambe

A wani ƙauye gabas da Ɗambatta, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, sai gamba ce ke nuna iyaka, akwai wani mutum Abdulkabir. In ka tambayi mutanen garin za su ce maka manomin gyaɗa ne mara son magana, mai jinyar uwarsa. Ba su yi ƙarya ba. Shekara bakwai ke nan Inna Hure na kwance, ɓarin jikinta ya shanye, shi ke juya ta, shi ke dama mata koko, don matarsa ta rasu, ƙannensa mata kuma kowacce na ɗakinta. Abin da ba su sani ba, a cikin wayar nan tasa mai tsagaggen gilashi yana da jama'a ɗari huɗu da ɗoriya.

Dambe yake so, so irin na fitar hankali. Tun da Inna ta kwanta ƙafarsa ba ta sake taka fili ba, shi ya sa ya buɗe zaure a Watsaf, ya tara masoya dambe. Shi dai ba ya zuwa ko'ina, idonsa mutane ne. Akwai Najib, direban adaidaita a Bacirawa, mai ɗauko bidiyon wasannin Kano. Akwai wani mahauci da ke turo na kasuwannin ƙauye da kaka, hoton na rawa kamar an ɗaura wayar a wuyan jaki. Akwai wani malamin firamare mai rubuta wane ya kashe wane, a turmi na nawa. Ba mai biyan kowa, don so kawai suke yi.

Shi kuma nasa aikin shara ne. Da ya idar da asuba, kafin koko ya tafasa, zai bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya, ya goge zagi, ya goge tallan maganin basir, ya ja kunnen masu neman mayar da wurin gidan caca. Wanda ya zagi uwar wani kuwa, waje, ko shi wane ne. Saboda haka zauren ya yi suna, har dattawa ke shiga ba sa jin kunya.

Sau uku Najib na roƙonsa ya ƙara ko mutum ɗaya a admin, yana ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abdulkabir ya ce ba a sarki biyu zamani ɗaya. Sarauta kuwa ba ita ta dame shi ba, tsoro ne kawai. Yana tsoron ranar da za su gane suna iya yi ba shi, alhali ban da su ba shi da wanda zai yi wa ina kwana ya amsa masa da fara'a.

Ana nan, wata Laraba bayan an cire gyaɗa, rigima ta ɓarke. An yi wasa a Kano, 'yan Kudu suka ce hannun ɗan Arewa ya taɓa ƙasa, kisa ne. 'Yan Arewa suka ce santsi ne. Kafin azahar an fara ambaton iyaye. Abdulkabir ya yi abin da ya saba, ya kulle zauren yadda ba mai iya rubutu sai shi, ya ce kowa ya sha ruwa, zai buɗe bayan la'asar. Daga nan ya ɗauki guga ya nufi rijiya don ya shayar da tumaki. Yana sunkuyawa, wayar ta zame daga aljihun gaba. Ya ji ƙarar faɗawarta can ƙasa, ya daɗe tsaye da igiya a hannu.

Tsautsayi ba a sa masa rana. Waya dai ana samun wata, ya sayar da tunkiya ya saya. Amma layin da sunan yayansa aka yi masa rajista tun da daɗewa, yayan kuma na cirani a Fatakwal, aka ce sai mai sunan ya zo da kansa. Lambar Najib ma ba ta kansa, tana ƙasan rijiya. Zauren kuwa na nan a kulle yadda ya bar shi. Kwana goma sha tara ya yi yana dama koko cikin shiru. Wallahi bai taɓa sanin gidan nan haka yake da faɗi ba.

Ran da layin ya dawo, a bakin shagon ya tsuguna ya buɗe zauren, ya rubuta sallama da doguwar ban haƙuri. Ba wanda ya amsa. Sai can Najib ya kira shi, murya a sanyaye. Ya ce sun jira mako guda, ga kakar dambe na wucewa, bidiyo ya taru ba wurin zubawa, shi ne suka buɗe sabo, admin biyar, kuma dokokinsa suka kwafe kaf.

"Yaya Abdulkabir, ba don mun ƙi ka ba ne. Ka zo, akwai wurinka."

"Yana tafiya daidai?" in ji shi.

"Lafiya lau yake tafiya."

Ya yi godiya, ya ce zai duba. Amsar nan ta fi faɗawar wayar ciwo.

Ashe buɗewar da ya yi ita ta tuna wa mutane da tsohon zauren. Suka shiga fita, wane ya fita, wane ya fita, wasu da addu'a, mafi yawa ba ko sallama. Cikin mako biyu ya duba sunayen da suka rage, ya ga biyu. Ɗaya nasa. Ɗayan na Baba Mati ne, wani tsohon makaɗin dambe na Ɗambatta da aka binne tun kafin a fara cirar gyaɗa.