Maganin da Ke Jiran Damina

Shekarar da na yi targaɗe a wasan langa, ƙafata ta kumbura kamar kabewa. Inna ta ja ni wurin wani malamin asibiti ɗan kudu a Gummi. Ya latsa idon sawun, ya ce, "A sa ƙanƙara."

Inna ta leƙa waje ta dubi sama. Bazara ce, rana na ƙuna. Ba mu san firji ba, ƙanƙararmu ita ce mai faɗowa da ruwan sama.

"Malam," in ji Inna, "ashe sai damana za shi warkewa?"

A gida ta murje ƙafar da man shanu, ina kurma ihu. Ranar da maganin malam ya faɗo daga sama, da gudu na fita tsintarsa.