Isiyaku Mai Karɓe Fis

Duk wanda ya zauna a Gwammaja a shekarun da soja suka koma bariki ya san Malam Isiyaku. Ɗan marini ne daga Ƙofar Mata, amma tun yana yaro hannunsa ya ƙi baban rini ya kama wayar lantarki. Ya fara da gyaran rediyo, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari kuwa ya tare ta kamar dama ita yake jira. Mutum ne mai cika baki, abin haushin kuma shi ne yakan cika abin da ya faɗa.

Lokacin an samu sababbin kansiloli, kowa na son takarda bugaggiya. Da wannan aikin buga takardu wata mata Jummai take ci da marayunta uku, a wani ɗan shago da kwamfuta ɗaya tal da mijinta ya bari. Sai masu kawo aiki suka fara zuwa da abin da tsohuwar manhajarta ba ta iya buɗewa. Ta ɗauko kwamfutar a tasi ta kawo wa Isiyaku, a ɗora mata sabuwa.

Ya leƙa cikinta ya girgiza kai. "Hajiya, sai an fara sabunta Bayos. Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ke tada injin kafin komai ya tashi. Babana ba ya tsoma sabon yadi a tsohon rini, ni ma haka."

"Akwai hatsari, Malam?"

"In wuta ta yanke ana tsaka da yi, ta mutu murus, kuma ba a samun kayanta a Kano. Amma a hannuna ba ta mutuwa."

Duk da haka Jummai ta ce a yi.

Isiyaku bai taɓa yarda da wutar gwamnati a wannan aiki ba. Janareton Sabo tela ne ke ba shagunan layin wuta, kuma da zarar wani ya tada babban inji sai wutar ta yi ƙasa. Saboda haka yake bi shago shago yana zare fis ɗin wutar kowa ya zuba a aljihu, don bai yarda da alkawarin baki ba. Talatu mai markaɗe ta miƙa nata tana mita, ga layin masu wake sun tsaya da robobi.

Ya sa faifai, ya yi bismilla, ya danna. Wani ɗan layi ya fara tafiya a allon a hankali. Ya kai rabi ke nan sai janareto ya yi tari.

Ya tattara fis ɗin duniya, bai leƙa tanki ba. Ga shi ana wahalar mai, Sabo ba shi da ko ɗigo a jarka.

"Hajiya, tsaya a gaban allon, ki riƙa faɗa mini!"

Ya fita a guje, ya durƙusa da kaftaninsa a ƙasa, ya ɗaga gefen janareton ya karkata shi don ragowar man ya gangaro bakin bututu. Ƙarar ta dawo daidai. Tafin hannunsa na dama kuwa a kan salansa, bututun hayaƙi mai zafi kamar wuta, ya sauka, kuma ya san in ya gyara riƙo injin zai mutu. Bai gyara ba.

"Yana tafiya, Malam! Saura kaɗan!"

Gumi yana zuba, yana cije leɓe, har ya ji kwamfutar ta yi ɗan kukanta na tashi, Jummai ta rangaɗa kabbara. Sannan ya saki.

Talatu ce ta kawo zuma ta shafa masa, tana yi masa tsiya tana share ƙwalla. Da aka samo mai da la'asar, ya zauna da hannu a naɗe ya ɗora sabuwar manhajar, ta hau lafiya lau. Jummai sai kallon tsumman hannun nasa take yi.

Ya turo mata kwamfutar a kan tebur yana murmushi. "Ki yi haƙuri da hagu, Hajiya. Je ki buɗe shagonki."