Yadda Aka Raba Motocin Maigidana

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in na tsaya ina kuka ta jira ni, kuma kada ta gyara mini magana.

Maigidana makanike ne. Taraktocin ƙaramar hukuma ya yi ta gyarawa a nan Gaya har ya yi ritaya. Da ya zauna a gida, hannunsa ya ƙi zama. Wata rana ya tafi Kano sayen maganin hawan jini, ya dawo da wata 'yar mota ja a cikin buhu. Tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Tayoyin baya manya ne masu ƙuraje, na gaba sirara, ga wani ɗan keji a sama, a cikinsa direban roba wanda kansa ya ɓalle. A wajen 'yan gwanjo ya tsince ta, cikin tarkacen da ake saukewa daga kwantena. Tare da ita akwai wani baƙin akwati mai doguwar eriya da 'yan sanduna biyu da ake turawa da babban yatsa. Shi ne rimot ɗinta.

Na tambaye shi ta wace jikar ce. Ya ce tasa ce. Na ce to. Maganin kuwa bai saya ba.

Ya ce irin waɗannan motoci an daina yin su, wannan jar ta girmi 'yarmu, kuma don hanyar daji aka ƙera su, ba don siminti ba. Daga nan duk zuwansa Kano sai ya leƙa 'yan gwanjo. A hankali suka kusa goma, kowacce da rimot ɗinta, kuma babu wadda ke jin maganar rimot ɗin wata. Babu wadda ya bari yadda ta zo. Ya cire musu zoben roba na cikin tayoyi ya sa boris, masu ƙananan ƙwallayen ƙarfe, don tayar ta juya sumul. Ya sauya musu inji. Ya buɗe 'yan shokazoban, masu rage girgiza, ya zuba musu mai. Da farko man gyaɗa ya gwada, kiyashi suka taru a kan mota kamar an yi musu walima. Sai ya koma man keken ɗinkina, keken ya koma kuka.

Akwai ranar da na fito daga wanka na tarar da tukunyar miyata a kan murhu tana tafasa. Na buɗe, tayoyi ne guda huɗu. Ya ce in an dafa su gam ɗin yana saki, sai a ɓare tsohuwar tayar ba tare da an fasa ƙafar ba. Kwana biyu miyar kuka tana ƙanshin taya. Haka ya ci abinsa. Ni ma na ci.

Bayan la'asar yake tuƙi. Da damina a tsakar gida, in an yi girbi kuma a gonar bayan gida, a kan kunyoyin dawa. Motar ta hau kunya ta yi tsalle ta dira, shi yana tsaye da babbar riga, fuska a murtuke kamar mai duba mara lafiya. Ban taɓa ganin ya yi dariya yana tuƙi ba. Ƙararta kamar an kulle zuma a gwangwani, kuma duk inda nake a gidan ina jin ta. In na ji ta, na san yana nan, na san lafiyarsa ƙalau, na san lokacin ɗora tuwo ya yi. Mutanen unguwa sun sani, har in ya shigo daga gonar sukan ce masa, “Malam, ya hanya?” Danginsa ne bai so su gani ba. In ya ji sallamarsu sai ya ja tabarma ya rufe.

Da daminar bara ya rasu. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tsaya kaɗan.

A cikin takaba, safiya takan zo mini da sauƙi, saboda masu gaisuwa. La'asar ce ba ta da sauƙi. Da na sallame sai kunnena ya tsaya yana jira, gidan kuwa shiru, sai kaji. Abin da nake so ke nan, ba wani abu mai yawa ba: mota ɗaya, jar, ta yi ƙara a tsakar gidana bayan la'asar.

Aka zo rabon gado ina cikin ɗaki. Ɗa namiji Allah bai bar mana ba, don haka magada mu huɗu ne: ni, da 'yata, da ƙanensa da ke noma a Toranke, da yayarsa da ke zaune a Kademi. Aka kira malami, maza suka zauna a zaure. Gida da gona aka daidaita babu ko musu. Sai aka zo kan ƙananan kaya. Yadda ake yi a wajenmu, ana tara kowane iri da irinsa, riguna da riguna, huluna da huluna, a ƙimanta kowane kashi, sannan a ga wanda ya dace da shi. Haka suka yi, kuma da gaskiya suka yi.

Motoci suka zama kashi ɗaya, aka ce kayan wasan yara. Rimot suka zama kashi ɗaya, aka ce rediyoyi ne, tunda ga eriya. Batura da caja da akwatin kayan aiki suka zama kashi na uku. Ƙanen yana da jikoki da yawa, aka ba shi motoci. Yayar tana son jin labarai, aka ba ta rediyoyi. Ni aka ba ni batura da caja da akwatin, tunda ni ce nake garin da aka fi kawo wuta. Kowa ya ce an yi adalci, aka shafa fatiha.

Ta labule na ga an fita da buhuna biyu. Mace mai takaba ba ta leƙo zaure ta ce wa dangin miji a tsaya, akwai magana a kan motar roba. Cewa za a yi baƙin ciki ya taɓa ta. 'Yata kuwa, wadda ke rubutun nan, tana bayan ƙofa tana nata kukan, ba ta ga abin da aka fita da shi ba.

Sauran takabar na yi ta da batura. In an kawo wuta sai in jona ɗaya a caja, yadda na ga yana yi, in taɓa in ji ya yi ɗumi, in cire in jona wani. Ba su da abin da za su tayar. Ina yi ina kuka, su kuma suna cika.

Da na fita, 'yata ta ce in bari, za ta sayo mini sabuwa a Kano, suna nan har masu fitila. Na ce ba fitila na rasa ba. Na ɗauki akwatin kayan aikin na shiga motar kasuwa zuwa Toranke.

Na sami ƙanen a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Tsakanina da shi tun ina amarya wasa ne.

“A'a, matar yaya! Daga fita takaba sai yawo? In miji kike nema, ga ni, ba sai kin yi nisa ba.”

“Kai? Buɗe bakin in ga haƙoran da suka rage.”

“Na tuwo suna nan.”

“To a bar wa tuwo. Mota na zo karɓa.”

Ya ɗauka kuɗin mota nake nufi, har ya sa hannu a aljihu. Na ce jar, ta cikin buhu. Ya kai ni bayan rumbu. Jikokinsa sun ɗaura wa kowacce igiya a gaba suna ja, biyu sun riga sun rasa ƙafafu. Jar tana nan, an cika kejinta da gyaɗa. Direban roba babu shi gaba ɗaya. Na zazzage gyaɗar, na kwance igiyar, na goge ta da bakin mayafina.

Na ajiye masa akwatin na ce musaya ce, ba roƙo ba. Ya buɗe, ya ga sukundireba jere bisa tsawo yadda yayansa ya bar su. Ya daɗe yana kallo.

“Wai da gaske ne da kanta take tafiya?”

“Da kanta. Har kunya take tsallakewa.”

“Yaya bai taɓa nuna mini ba.”

“Kunyarka yake ji.”

“Ni?” ya ce. Ya rufe akwatin, ya shiga ciki ya sa aka dama mini fura. Bai ƙara tsokanata ba ranar.

Bayan kasuwa biyu na tafi Kademi, da mota da batir a cikin jaka, da ƙananan batura irin na tocila da rimot ke ci, da rediyon Malam na gaske, wanda ya faɗa rabon 'yata na roƙe ta. Yayar ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi, kuma har yau amarya take ce mini. Na tarar ta jera rimot ɗin a kan kwallayenta, duk an miƙar musu da eriya sama, suna tsaye kamar karan dawa.

“Amarya, ɗan'uwana ya bar mini rediyo har wannan yawa, babu mai magana ko ɗaya. Har kan katanga na sa an ɗora.”

Na matsa kusa da kunnenta na ce, “Yaya, ba rediyo ba ne. Linzamin mota ne.”

“Na wa?”

“Na mota.”

Ta dubi jakata, ta dube ni. Ta ce ko mene ne, rabonta ne da Allah ya tsaga mata daga ɗan'uwanta, kuma ba ta da wani abu nasa sai su. Ba za ta bayar ba. Na kuwa san ta, in ta ce a'a ko mai gari sai ya koma gida. Na fito da rediyon na kunna, na ƙure murya. Wani yana karanta gaisuwar masu sauraro. Ta ɗauka ta kara a kunne, fuskarta ta ɗan saki. Na ce guda ɗaya kawai nake so, sauran nata ne.

“Wanne?”

Nan ne ban sani ba. Duk baƙaƙe ne, duk da eriya. Ta ce to in gane nawa a gabanta, in kuwa ban gane ba, in mayar mata da su yadda na same su.

Na zauna a tabarma, na sa wa motar batir, na ɗauko rimot na farko na cusa masa ƙananan baturan, na tura sanda. Shiru. Na zazzage su na sa a na biyu. Shiru. Yatsuna ba su saba ba, baturan suna ta zamewa suna gangarawa ƙarƙashin gado. Yaya tana zaune da carbi tana ba ni shawara.

“Ki ɗaga eriyar sama. Ki juya ta gabas.”

Na uku shiru, na huɗu shiru. Na fara tunanin yaran Toranke sun ja ta cikin ruwa, ko gyaɗa ta shiga inda bai kamata ba, ko kuwa abin duk a hannun Malam yake, ya tafi da shi. Hawaye suka hana ni ganin ta ina kan batir yake. Yaya ta ce, “Amarya, kuka ba ya tayar da mota. Ba ni nan.” Ita ta jera mini baturan a na gaba, da lalube.

Ina kunnawa, tayoyin gaba suka yi wani ɗan motsi, kamar kunnen akuya. Na tura sandar hagu, kuma ban san a hankali ake turawa ba. Motar ta zabura daga kan tabarma, ta ture butar alwala, ta fita ta ƙarƙashin labule, ta ratsa tsakar gida ta daki turmi.

“Innalillahi!” Yaya ta janye ƙafafunta. “Rai ne da ita?”

Ƙarar ce, ita ɗin dai, ba ta canza ba. Na rufe fuska da mayafi na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da shi. Yaya ta ce ko ita ta ji ƙarar. Ta ce tun yana yaro haka yake, komai ya samu sai ya kwance ya ga cikinsa, har agogon babansu. Ita ma ta yi nata kukan. Da muka gama ta ce, “Ɗauki. Amma rediyon ya zauna.”

Yanzu jar tana gidana. Sandar hagu na iya, wadda ke tafiyar da ita gaba. Ta dama, mai juya kai, na gwada na kasa, sai ta yi ta zagaye ko ta shige ƙarƙashin murhu. Don haka miƙe nake tuƙi. Daga ƙofar ɗaki zuwa katanga, sai in taka in je in ɗaga ta in juya mata fuska, ta dawo. Likita dama ya ce in riƙa tafiya.

Tayar baya ta dama ta fara rawa, kuma ina jin wani ɗan ƙas-ƙas a cikin giya wanda da babu. Ban san gyaransa ba, sukundireban ma suna Toranke. Don haka ba na matsa mata. Zuwa da dawowa sau uku ko huɗu, sai in goge ta in ɗora tuwo.