Unguwarzomar da Ba Ta Koma Gida Ba

Kakata Saratu ba ta fara tatsuniya sai an ci tuwo an yi addu'a. Gidanmu ɗaya ne daga cikin 'yan gidajen Kirista a wani ƙauye kusa da Kakangi, daji kuma daga bayan gonarmu ya fara. Bayan girbi mukan kewaye murhu da almuru muna ɓarar gyaɗa, 'ya'yan maƙwabta su shigo in sun idar da sallar magariba. Sai Kaka ta gyara zama, da Hausarta mai karin Gbagyi ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe." Mu ce, "Ta iso mu ji."

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta Tani unguwarzoma. Mahara suka kwashe mutanen garinsu, suka kai su wani gari can ƙetaren kogi. A garin akwai tsamiyar da ake yanka wa akuya, aka ce kowa ya durƙusa mata. Tani ta ƙi, aka hana ta abinci kwana uku. Rannan matar mutumin da ya ɗauro ta da igiya ta kama naƙuda, haihuwa ta gagara. Sauran kamammu suka ce, "Yi zamanki, su ma su ji yadda muka ji." Tani ta tashi ta wanke hannu, ta karɓi jaririn. Bayansa ta karɓi wasu da yawa, amma ba ta taɓa durƙusa wa tsamiyar ba.

"Kaka, sun sake ta ta koma gida?" na tambaya.

"Ban ji an ce ta koma ba."

"To don me ta taimake su?"

"Jaririn ne ya ɗauro ta?" Ta tura icce cikin wuta. "Rifkatu, mu ma baƙi ne a duniyar nan, gidanmu na wurin Yesu. Amma baƙon kirki ba ya naɗe hannu gidan da ya sauka na ci da wuta."

Kaka ta rasu kafin daji ya lalace. Yanzu ni ke karɓar haihuwa a ɗan asibitin ƙauyenmu. Yawancin 'yan cocinmu sun koma Kaduna. Yayana Bulus, wanda ya yi wata biyu a hannun 'yan bindiga, kullum sai ya bugo waya: "Me kike jira ne?"

Bara, da rana tsaka, babura biyu suka fito daga daji da wata mata tana naƙuda. Mazan suka tsaya gindin mangwaro, bakin bindiga na leƙowa daga ƙarƙashin riga. Ba sai an gaya mini ko su wane ne ba. Na tuna tabon bulala a bayan Bulus, zuciyata ta ce in rufe ƙofa. Matar ta kama hannuna ta ce, "Don Allah." Na ce, "Riƙe ni, baiwar Allah, yi nishi." Mace ta haifa. Kafin la'asar suka kwashe su suka tafi, ko sannu babu. Har yau ban gaya wa Bulus ba.

Da ina ƙarama na ɗauka Tani ba ta san tsoro ba. Yanzu na gane da tsoronta ta yi aikin. Ni ma ina tsoron rugugin babura, jakata kuma a haɗe take bayan ƙofa. Amma mata uku a ƙauyen nan watan haihuwarsu ya kama, kuma na riga na ce musu ina nan.