Motar Baba da Birkin da Na Zaɓa

Da maigidana ya yi ritaya daga aikin gwamnati, na ɗauka zai zauna ya huta kamar sauran mutane. Ina! Sai ya sa mai walda ya ƙera masa ƙaramar tirela mai ɗaukar mota guda, wadda zai riƙa ja da tsohuwar a-kori-kurarsa. Wai duk motar da ta mutu a hanya shi za a kira. Tirelar ta zo ta cinye rabin tsakar gidanmu a Kachalla Sembe, na rasa wurin shanya, kuma ko birki ba a sa mata ba.

Ban damu da ita ba sai ranar da Hamma, wato yayana, ya bugo waya daga Sunkani a kan motar marigayi Babanmu. Tun rasuwarsa take ajiye a gindin mangwaro a gidanmu na can.

"Gini zan yi a wurin," in ji shi. "'Yan gwangwan za su zo ran Asabar ta sama su yayyanka ta. In kina so, ki zo ki ɗauka kafin nan."

A cikin motar nan Baba ya kai ni makarantar kwana, a cikinta kuma aka kawo ni Jalingo ranar aurena. Na san ba ta tashi, na san kaji sun mai da ita gida. Amma da na ji an ce za a yayyanka ta, sai na ce wa maigida ya ɗauko mini ita da tirelarsa.

Maigida ya ce ba zai ɗora mota a tirela marar birki ba, hanyar akwai gangara. Na yarda, gaskiyarsa ce. Laifinsa shi ne kiran abokinsa shawara, wani Bajukune da suka yi aiki ofis ɗaya, wanda tun da na san shi "ka" yake ce mini kamar namiji.

Ashe birkin iri biyu ne. Akwai na turi: in direba ya taka birki, tirela ta taho ta turo motar gaba, wannan turin shi ke matse man birki ya kama ƙafafunta. Akwai kuma na lantarki: a ja waya daga mota zuwa tirela, a maƙala ɗan akwati kusa da gwiwar direba, yana murɗawa yana daidaita kamun. Na haddace duk wannan ba da son raina ba, don kwana huɗu suka yi a kan tabarmata suna gwadawa da buta da silifas. Buta ce tirela. Sau biyu ana zubar mini da ruwan alwala.

"Madam, lantarki shi ne zamani," in ji abokin. "Ka zauna a gaba, ka juya abu kaɗan, tirela ya ji magana."

"Na turi ya fi," in ji maigida. "Ba waya, ba akwati, shi da kansa ya san lokacin tsayawa."

A rana ta uku abokin ya gaji ya ce ya yarda, na turin ya fi. Wallahi nan take maigidana ya gyara zama ya fara yabon na lantarki. A nan na gane ba birki suke nema ba, hira suka samu, ni kuwa Asabar tana matsowa.

Ran Talata na fito daga kicin da muciya a hannu. Na ce, "Malam, ɓerayen gidan nan sun cinye wayar firij, sun cinye ta fanka. Wayar tirelarka ce za su gani su yi mata kunya? Kuma akwatin nan sai an aika an kawo. Na turi za a sa, gobe-goben nan." Suka dubi muciyar, suka ce dama abin da suke shirin faɗa ke nan.

Makanike ya gama haɗawa ran Juma'a da yamma. Na ji yana yi wa maigida wani dogon bayani, amma ina suyar kifi, ban saurara ba.

Asabar da sassafe muka kama hanyar Sunkani, ni da maigida da abokin. Gidanmu yana cikin wani lungu ne mai gangara, ƙarshensa kwari, ba wurin juyawa. Muka shiga da kai muka ɗan wuce ƙofa. Hamma da maƙwabta suka kori kaji, suka turo motar waje, ta gangaro ta hau tirela lafiya lau, aka ɗaure ta da sarƙa. 'Yan gwangwan sun riga sun iso, suna zaune a kan dakali suna kallo.

Saura a fita da baya, a hau tudu. Maigida ya sa ribas ya ba da wuta. A-kori-kura ta yi gurnani, ta yi hayaƙi, tirela ko gezau. Ya sake. Tayoyin baya suka tona rami suka watsa wa Hamma laka har hula.

Abokin ya tafa hannu don murna. "Na faɗa! Kana tura shi baya, shi kuma yana ji kamar ka taka birki, ya kama. Lantarki ba ya yi haka!"

Maigida ya fito yana share zufa. Ya ce ai makanike ya gaya masa, akwai wani ƙarfe kamar yatsa da ake zurawa a ramin wuyan tirela in za a yi baya, ya hana birkin kamawa. Jiya ya ajiye shi a kan taga, yau ya manta bai duba ba.

Na san inda ƙarfen yake. Jiya da magariba na gan shi a kan taga, na ce ga sakatar da nake nema, na kulle ɗakin awaki da shi.

Aka gwada itace, ya karye. Aka gwada cokali, ya lanƙwashe. Wata maƙwabciya ta ce motar ce ba ta son barin gidan, a yi sadaka. Hamma ya cire hularsa yana kakkaɓe laka, ransa ya ɓaci.

"Ga shi kun toshe wa mutane hanya," in ji shi. "In ba za ta fita ba, a sauke ta a ba mutanen nan su yi aikinsu."

Ɗaya daga cikin 'yan gwangwan ya miƙe yana miƙa. Tsoro ya kama ni sosai, kuma laifin nawa ne gaba da baya. Na haye tirelar da zanina, na buɗe but ɗin motar ko zan sami wani ƙarfe. A kusurwa, ƙarƙashin wani tsumma, sai ga gwangwanin madara cike da ƙusoshi da notuna. Baba ba ya wuce ƙarfe a ƙasa. Ko a hanyar masallaci ya ga noti sai ya sunkuya ya sa a aljihu, mu kuwa muna yara kunya ta ishe mu, muna yi masa dariya a ɓoye.

Na zazzage gwangwanin a ƙasa. Manyan mutane suka durƙusa a laka suna tonawa, har da ɗan gwangwan ɗin da ya miƙe. Na huɗu da aka gwada, wani dogon noti mai tsatsa, ya shige ramin daidai. Maigida ya sa ribas, tirela ta bi a hankali har bakin titi, lungu ya ɗauki shewa.

Na tsince sauran ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya na mayar. Hamma ya tsuguna ya taya ni, da muka gama ya ce, "Riƙe shi ke."

A hanyar dawowa mazan nan biyu suka ci gaba da gardama daga inda suka tsaya. Ni ina gefen taga da gwangwani a cinya, ina leƙen motar Baba ta madubi tana biye da mu, ina kuka. Kewarsa ce ta taso mini gaba ɗaya. Maigida ya lura, ya rage gudu, ya tambaye ni ko ya tsaya.

Na ce, "A'a, Malam, mu kai ta gida."